MURAR ALADU: YADDA TAKE KAMA NA GIDA DA NA DAJI

Na san da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, da sun ga kan maganar nan za su ce, "Yaron nan ya rasa abin da zai yi rubutu a kai sai alade?" Ban ga laifinsu ba, don ni ma da haka na ɗauki al'amarin. A gidanmu ba mu ci, ba mu kiwo, ko sunansa ba a son a ambata in ana cin abinci. Amma wani abu da na gani da idona a hutun ƙarshen shekarar da ta wuce ya sa na sake tunani, har na yi ta tambayar malaminmu na aikin gona, na kuma yi ta bincike a laburare. Abin da na samo shi ne nake so in ba ku. Ina roƙo ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, za ku ga maganar ta shafi mai kiwon alade da wanda ko kusa da shi bai taɓa zuwa ba.

Abin da na gani

Ina da aboki, ajinmu ɗaya, ɗakin kwananmu ɗaya. Mutumin wani ƙauye ne a kudancin Jihar Kaduna. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, mahaifiyarsa ce take riƙe da shi da ƙannensa uku, da 'yar gonar citta da kiwon aladu. Da aka ba mu hutu Baba ya yardar mini in bi shi in yi mako biyu a garinsu.

Na tarar Mama tana da aladu goma sha huɗu a wani ɗakin ƙasa bayan gida. Guda huɗu manya ta ware tana ta ba su dusa, don ta sayar dab da Kirsimeti sa'ad da suke tsada, ta biya kuɗin makarantar abokina da na ƙanwarsa. Akwai kuma uwa ɗaya mai tsohon ciki. Kwana biyu kafin mu iso ta sayo wani ɗan namiji daga wata kasuwar ƙauye, ta jefa shi cikin sauran a ranar nan.

Ran da muka kwana ɗaya, da asuba, ga hunturu ana ta busawa, sai muka ji Mama tana kira, "Yarana, ku fito ku gani, na shiga uku!" Muka fita. Aladun da kullum da sun ji motsin bokiti sai su cika gida da ihu, yau sun yi tsit. Sun kwanta bisa juna a lungu ɗaya, idanu sun yi ja suna zub da ruwa, majina na tsiyaya daga hanci. Dusar jiya tana nan ba su taɓa ba. Da abokina ya tashe su sai suka sarƙe da tari mai ƙarfi kamar haushin kare, suna numfashi da ciki da ƙyar. Kafin kwana uku babu ko ɗaya da ya rage a tsaye da lafiya.

Mama ta ɗauka annobar nan ce mai share garke, har wani maƙwabci ya ba ta shawara ta kira mahauta ta sayar musu ko nawa ne kafin su mutu. Abokina ya hau keke ya ɗauko malamin dabbobi. Ya zo ya auna zafin jikinsu, ya duba kunnuwa da ciki da kashinsu, ya tambayi ko an kawo baƙo cikinsu. Da ya ji labarin ɗan namijin nan sai ya girgiza kai ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki. Alamun mura ne. Kada ki sayar da ko ɗaya, kada kuma wani ya fita daga ɗakin nan. In Allah ya so cikin mako guda za su miƙe."

Na ce, "Malam, ashe alade ma yana mura?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan samari, irin taka ce ma. Kana iya ba shi, yana iya ba ka." Wannan magana ita ce ta tsaya mini a rai.

Mece ce wannan cuta?

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai waɗanda ake kira bakteriya, su ana ganinsu da madubin likita irin na ɗakin kimiyyarmu, kuma magunguna irin su fenisilin suna kashe su. Akwai kuma waɗanda suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, su ake kira bairas. Ƙwayar murar aladu bairas ce, daga dangin da likitoci ke kira infuluwenza A. Saboda ƙanƙantarta, sai an jera kamar guda 10,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya a jikin rula.

Bairas ba ta iya hayayyafa da kanta. Tilas sai ta shiga cikin ƙwayar halittar jikin wani mai rai, ta mai da ita tamkar masana'antarta, ta sa ta ƙera dubban irinta, sa'an nan ƙwayar halittar ta lalace. Ita wannan ta mura wurin zamanta shi ne hanyar numfashi, watau hanci da maƙogwaro da huhu.

A bayan jikinta akwai wasu ƙayoyi iri biyu. Na farko ana yi masa laƙabi da harafin H, shi ne kamar mabuɗin da take buɗe ƙofar jiki da shi ta shiga. Na biyu ana ce masa N, shi ne kamar almakashin da 'ya'yanta suke yanke kansu da shi su fita su kama wani wuri. Kowanne yana da iri-iri, an ba su lambobi. Shi ya sa za ku ji ana cewa H1N1. Waɗanda suka zauna da gindinsu a jikin aladun duniya iri uku ne: H1N1 da H1N2 da H3N2.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1918 aka yi wata gagarumar annobar mura wadda ta game duniya, ana ƙiyasin ta kashe mutum miliyan 50 ko fiye. Ta sauka Ikko ta jirgin ruwa cikin watan Satumba na shekarar, ta bi hanyar jirgin ƙasa ta yiwo Arewa. Ita ce tsofaffinmu suke kira Marisuwa. A daidai lokacin ne wani likitan dabbobi a Jihar Ayowa ta Amurka, mai suna J. S. Koen, ya lura aladu suna kwanciya da wata cuta mai kama da ta mutane ƙwabo da ƙwabo. Ya ga in ta kama mutanen gida sai ta bi aladunsu, in ta kama aladu sai ta bi mutanen gida. Ya ce mura ce. Masu kiwo ba su ji daɗin wannan suna ba, don tsoron kada ciniki ya faɗi.

A 1930 wani masani, Richard Shope, ya ɗebi majinar aladu marasa lafiya ya tace ta da wani matacin da ko bakteriya ba ta iya wucewa, ya ɗiga ruwan a hancin lafiyayyun aladu. Suka kamu, amma ciwon bai yi tsanani ba. Da ya haɗa ruwan nan da wata bakteriya da ya samu a huhun marasa lafiyar, sai cutar ta fito da ƙarfinta duka. Nan aka gane abu biyu. Na ɗaya, tushen cutar bairas ce. Na biyu, ita tana fasa ƙofa ne, bakteriya ta biyo baya ta ƙarasa ɓarna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan shekara uku, a 1933, wasu masana uku a Landan suka ware ƙwayar murar mutane. Ashe dai a jikin alade aka fara kama ƙwayar mura irin wadda ke damun ɗan Adam.

Yadda take yi wa aladun gida

Cutar tana tafiya ne ta iska da ta taɓa juna. In mara lafiya ya yi atishawa ko tari, ƙwayoyin suna fita cikin ɗigon majina, na kusa ya shaƙa. Ga shi kuwa al'adar aladu ce su riƙa gogayyar hanci da hanci, su ci a kwami ɗaya, su kwanta a cunkushe in ana sanyi. Mutum ma yana iya ɗaukar ta a hannu ko tufafi ko takalmi daga wannan ɗaki zuwa wancan. Amma babbar hanyar shigarta garke ita ce baƙon alade da aka sayo, kamar yadda ya faru ga Mama.

Daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo kwana ɗaya ne zuwa uku. Zafin jikin lafiyayyen alade wajen digiri 39 ne a ma'aunin santigiret, amma in ta kama shi yakan haura 40 da rabi, har ya wuce 41. Ƙwayar tana ɓarke shimfiɗar cikin maƙogwaro da ƙananan hanyoyin iska na huhu. A wannan shimfiɗa akwai wasu 'yan gasu ƙanana waɗanda aikinsu share ƙura da majina su turo waje. In suka lalace sai majina ta toshe hanyoyin, wani sashe na huhu ya daina ɗaukar iska. Dalilin tarin ke nan da numfashi da ciki.

Abin mamaki game da ita shi ne tana kama kusan kowa a garke, amma ba ta cika kisa ba. In ita kaɗai ce, da wuya ɗaya ko biyu cikin ɗari su mutu, kuma cikin kwana biyar zuwa bakwai sai su miƙe kusan tare, kamar yadda suka kwanta tare. Inda hasara take shi ne wurare uku. Ƙanana da ba su yi ƙwari ba sukan mutu in bakteriya ta bi sawu ta jawo ciwon huhu. Uwa mai ciki takan yi ɓari saboda zafin zazzaɓi. Manya kuwa sukan rame, sai an sake makonni ana ciyar da su kafin su mai da jikinsu.

Duka ukun sun sami Mama. 'Yan ƙanana biyu suka mutu. Uwar nan ta yi ɓari, alhali cikin alade wata uku ne da mako uku da kwana uku, watau kwana 114, ita kuwa saura mata bai fi kwana ashirin ba. Manyan nan huɗu suka tashi sun zube, Kirsimeti ya wuce ba a kai su kasuwa ba. Da muka koma makaranta, sai da abokina ya yi mako biyu a gida kafin a haɗa masa kuɗi. Wanda ya ce mura ba ciwo ba ce bai ga fuskar Mama a ranar da na yi mata sallama ba.

A manyan gonakin Turai da Amurka da ƙasar Sin, inda ake tara aladu dubbai a rufaffen gini, al'amarin ya ɗan bambanta. Can kowane mako ana haifar sababbi, saboda haka kullum ƙwayar tana da sabon jikin da za ta faɗa. Sai ta zauna a gonar shekara da shekaru tana zagayawa, ba ta tafi ba. Ƙasar Sin kaɗai tana da kusan rabin aladun duniya.

Aladun daji fa?

Nan sai mu rarrabe, don ba duk abin da muke kira aladen daji ne iri ɗaya ba. Akwai aladen dajin Turai da Asiya da Afirka ta Arewa, baƙi mai kaushin gashi. Shi ne kakan aladen gida, jinsinsu ɗaya, suna barbarar juna su haihu. Akwai kuma aladun gida da suka ɓalle suka koma daji, kamar na Amurka, waɗanda asalinsu Turawan Sifen ne suka kai tun ƙarni na 16. Yanzu ana ƙiyasin sun kai miliyan 6, suna ta ɓarnar gonaki. Sa'an nan ga namu na nan, watau gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, mai haure, irin wanda ake gani yana kiwo a durƙushe a Yankari, da kuma jan alade na kurmin Kudu. Su waɗannan biyu dangi ne na nesa, jinsinsu dabam da na gida.

Masu bincike a Jamus da Sifen da Japan da Amurka sun daɗe suna ɗibar jinin aladun dajin da maharba suka harbe suna aunawa. In cuta ta taɓa kama dabba, jiki yakan ƙera makaman yaƙi da ita, waɗanda suke zama cikin jini bayan an warke, kamar sawun ɓarawo a rairayi. Sun sami wannan sawu na mura a jinin wasu daga cikinsu, amma galibi ba da yawa ba kamar na aladun gona, kuma irin ƙwayar takan zo daidai da wadda ke yawo a gonakin aladu ko cikin mutane.

Me ya sa ba ta kafuwa sosai a daji? Ku tuna mara lafiya kamar mako guda kawai yake yi yana fid da ƙwayar, bayan nan ko ya warke ko ya mutu. Aladun daji suna yawo ne ƙungiya-ƙungiya, 'yan iyaye mata da 'ya'yansu, manyan maza kuwa kowa shi kaɗai sai lokacin barbara. Suna cikin sarari, iska na kaɗawa, rana na duka. In cutar ta shiga ƙungiya ɗaya takan gama da su kafin su haɗu da wata, sai ta mutu kamar wutar da ta iske gonar da aka share. Amma inda mutum ya tara su, alal misali wurin da maharba ke zuba musu masara, ko inda fari ya tilasta musu shan ruwa a tafki ɗaya, nan takan sami hanya.

Wahalar aladen daji mara lafiya kuwa ta fi ta na gida. Babu mai kawo masa dusa ko ruwa, babu mai rufa masa ɗaki. Da zazzaɓin zai fita tono, da tarin zai guje wa karnukan maharba.

Haɗarin da masana suka fi dubawa ga na daji shi ne wannan. Asalin gidan ƙwayoyin infuluwenza A tsuntsayen ruwa ne, irin su agwagin daji, waɗanda ke fid da su cikin kashinsu a ruwa. Aladen daji yana birgima a wannan ruwa, yana sha, in ya tsinci mushen tsuntsu ya ci. Da dare kuma yakan zo bakin shingen gona ya shinshini na gida, musamman in akwai mace mai neman barbara. An sami sawun murar tsuntsaye a jinin ɓallallun aladun Amurka. Ke nan na daji yana iya zama gada tsakanin tafki da garke.

Game da gadu, cutar da aka san shi da ita wata ce dabam, ita ce Mama ta ji tsoro. Sunanta zazzaɓin aladu na Afirka, an fara bayyana ta a Kenya a 1921, ta kuma ɓarke a Nijeriya a 1997. A gabashi da kudancin Afirka gadu yana ɗauke da ƙwayarta ba ta yi masa kome, wata irin kaska da ke zaune a raminsa ita ke kai ta ga na gida. In mai tsananin ta shiga garke takan kashe kusan duka, jiki ya yi jajaja, jini ya tsiyaya a ciki, kuma ba ta da magani. Amma ba ta kama mutum. Dubi ikon Allah: wadda ke share aladu ba ruwanta da mu, wadda ba ta cika kashe su ba ita ce abin tsoronmu.

Akwai kuma wata cutar numfashi ta bairas da ake kira shuɗin kunne, wadda aka fara lura da ita a Amurka a 1987, aka ware ƙwayarta a ƙasar Holan a 1991. Tana jawo ɓari da ciwon huhu, tana kama na gida da aladen dajin Turai, ita ma ba ta kama mutum. Tun da alamun cututtukan nan suna kama da juna a farko, ba aikin mai kiwo ba ne ya yanke hukunci. Ma'aikatan dabbobi ke dubawa, in ta kama su aika da samfuri ɗakin bincike, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Inda ta shafe mu duka

Yanzu na zo kan maganar malamin dabbobin nan. A cikin kowace ƙwayar mura akwai umarnin ƙirarta, ba a dunƙule ba, a gutsure gida takwas, kamar littafi mai shafi takwas da ba a ɗinke ba. Maƙogwaron alade kuwa yana da ƙofofin da mabuɗin murar mutane ke buɗewa, yana kuma da waɗanda mabuɗin murar tsuntsaye ke buɗewa. To, a ce iri biyu sun shiga ƙwayar halitta ɗaya a lokaci guda. Wajen harhaɗa 'ya'ya sai shafuffukan su cakuɗe, wannan ya ɗauki uku daga nan, biyar daga can. 'Yan ajin lissafi su gwada: biyu sau biyu har sau takwas, 256 ke nan. Yawancin waɗannan gauraye ba su da wani kataɓus. Amma wata rana sai a sami guda wadda ke iya bin mutane, jikinmu kuwa bai taɓa saninta ba. Don haka masana ke kiran alade tukunyar gauraya.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1976 wata murar aladu ta ɓulla a barikin soja na Fort Dix a Amurka, soja ɗaya ya mutu. Gwamnati ta tsorata ta yi wa mutum fiye da miliyan 40 allurar rigakafi, amma cutar ba ta bazu ba. Wajen 1979 wata murar tsuntsaye ta tsallaka cikin aladun Turai ta zauna. A 1998 aka ga wata a aladun Amurka wadda ta haɗa shafuffukan alade da na tsuntsu da na mutum. Daga bisani zuriyar waɗannan biyu suka haɗu, shafi shida daga ta Amurka, biyu daga ta Turai da Asiya. Abin da suka haifa shi ne ya bayyana cikin mutane a Meziko da Amurka a watan Afrilu na 2009. Ran 11 ga Yuni na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce ta game duniya, ba ta janye wannan sanarwa ba sai Agusta 2010. Waɗanda aka tabbatar da mutuwarsu ta hanyar gwaji sun kai wajen 18,500, amma masana sun ƙiyasta ainihin adadin ya haura 150,000.

A nan akwai darasi biyu. Na farko, da cutar ta kafu cikin mutane, mutum ne ke ba mutum, alade ya fita daga maganar. Duk da haka ƙasar Masar ta sa aka karkashe aladunta wajen 300,000 a 2009, alhali ba a sami cutar a jikinsu ba. Masu kwashe sharar Alƙahira, waɗanda da ragowar abincin birni suke ciyar da aladun nan, suka rasa abin yi, shara ta taru a tituna, mura kuwa ta shigo ƙasar ta jikin matafiya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na biyu, mu ma muna ba su. Aladun ƙasar Norwe ba a san su da mura ba sai a 2009, da mutane suka shafa musu. A Nijeriya da Kamaru ma masu bincike sun sami ƙwayar nan ta 2009 a jikin aladu. Ban da wannan, tun Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kuma a Oktoba 2024 aka sami irin wannan ƙwaya a jikin wani alade a Jihar Oregon ta Amurka, a gidan da kaji da agwagi da aladu ke shan ruwa wuri ɗaya. Ku duba ƙauyukanmu da rani, sa'ad da ake sakin dabbobi: kaza da agwagwa da alade da yara duk a bakin kududdufi ɗaya. A ganina wannan ya fi gadu zama abin damuwa a wurinmu. Ga kuma fatauci: kasuwar aladu ta Kafanchan tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, daga nan ake lodi zuwa Kudu. Cutar da ta tashi a ƙauye ɗaya tana iya kwana a wata jiha.

Abin da ya kamata a yi

Ga abin da malamin dabbobi ya gaya wa Mama, da abin da na ƙaro daga malaminmu:

1. Duk dabbar da aka sayo a ware ta nesa da garke kamar wata guda kafin a haɗa. Wannan ya shafi akuya da tunkiya da kaza ma.
2. A raba wurin kwanan aladu da wurin shansu da na kaji da agwagi, a yi shinge mai ƙarfi don kada na gida su fita, na daji su shigo.
3. Mai mura ko tari kada ya shiga wurinsu. A ranar nan malamin ya hana ƙanen abokina kai dusa don ya ji shi yana tari.
4. Mai kula da marasa lafiya ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu, ya ware takalmin shiga ɗakin. Mace mai ciki da tsofaffi da ƙananan yara su nisanta.
5. A ba marasa lafiya ruwa mai tsabta da busasshiyar shimfiɗa, a kare su daga sanyi da ƙura, amma a bar iska ta riƙa shiga. Allurar kashe bakteriya ba ta kashe bairas, amfaninta tare mai biyo baya ne, kuma ma'aikaci ne zai ce a yi ko kada a yi.
6. Kada a kai mara lafiya kasuwa. Wanda ya sayar wa Mama ɗan namijin nan ya rabu da wahalarsa, amma ya jefa marayu huɗu cikin tasu.
7. Mushe a binne shi da zurfi. Maharbi kuma in ya ga naman daji ya mutu haka kawai, kada ya ɗauka, ya sanar da ma'aikata.

Akwai allurar rigakafin murar aladu a ƙasashen da ke da manyan gonaki, amma saboda ƙwayar tana yawan sake kama, tilas a riƙa sabunta ta. Ga mai kiwon ƙauye, shinge da sabulu da haƙurin wata guda sun fi araha. Cutar kuma ta numfashi ce, ba ta hanyar cin dafaffen nama ake ɗaukarta ba, saboda haka ƙin cin naman bai zama katanga tsakaninmu da ita ba.

'Yan'uwana ɗalibai, a ɗakin kwananmu mu talatin ne, wasu daga gidajen da ake kiwon aladu, wasu daga gidajen kaji, wasu 'ya'yan makiyaya. In ɗayanmu ya dawo hutu da tari, kafin mako ya zagayo rabinmu na layin asibitin makaranta, ƙwayar ba ta tambayi sunan kowa ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya karanta wa iyayensa da ba su iya boko ba, musamman maganar ware sabuwar dabba.

Abokina ya sami wasiƙa daga gida makon jiya. Mama ta sa an gina wani ɗan ɗaki can bayan rumbu don baƙin dabbobi, uwar nan kuma ta sake ɗaukar ciki. Allah ya sauke ta lafiya, ya kiyaye mu da dabbobinmu daga annoba, amin.